Gundumar da ƙuri'unta suka fi mutanenta yawa

Wani ƙanena ne, mai bin siyasar Amurka kamar yadda wasu ke bin ƙwallon Turai, ya miƙo mini wayarsa bayan sallar Isha'i muna zaune a benci a ƙofar gida. Taswirar jihar Teksas ce, an yanyanka ta gunduma-gunduma, kowacce da launinta. Ya danna wani ɗan yanki can yamma, daf da iyakar jihar New Mexico, ya ce, "Yaya, duba nan ka sha kallo."

Sunan wurin Loving. A zaɓen shugaban ƙasa na 2020 ƙuri'a 66 aka kaɗa a can: Trump ya samu 60, Biden 4, sauran biyun suka tafi wani wajen. Na ce ai wannan rumfar zaɓe ɗaya ce. Ya ce ina, gunduma ce sukutum, da shugabanta da kotunta da 'yan sandanta. Sai ya buɗe mini ƙidayar jama'a ta wannan shekarar dai. Mutum 64, har da yaran da ba su isa zaɓe ba.

Dariya muka fara yi, irin ta "ashe ba mu kaɗai ba ne". Amma da na bi diddigin labarin sai na ga ba irin maguɗin da muka sani ba ne, na dangwala wa matattu ƙuri'a da tsakar dare. Masu ƙuri'un nan rayayyu ne, suna da suna da fuska, kowa ya san su. Abin da ya ɗaure mini kai ya fi maguɗi zurfi.

Ra'ayina shi ne wannan: wurin da mutanensa ba su kai cika motar bas biyu ba, bai kamata ya riƙe gwamnati tasa ta kansa ba, musamman idan dukiya mai yawa na bi ta hannun gwamnatin. Ya kamata a mayar da Loving ƙarƙashin ɗaya daga maƙwabtanta. Ba don mutanenta sun fi kowa mugunta ba. Don dai mulki na buƙatar bare, wanda zai iya kallon idonka ya ce ba ka yi daidai ba, kuma gobe ba za ku haɗu a gidan suna ba.

Wurin da ake magana

Gunduma a Amurka kusan matsayin ƙaramar hukuma take. Teksas na da guda 254. Mafi yawan jama'a ita ce Harris, inda birnin Houston yake, mai mutum sama da miliyan 4.7. Mafi ƙanƙanta kuwa Loving. Faɗin ƙasarta ya kai murabba'in kilomita 1,750, kusan rabin jihar Legas ke nan, amma fako ce da ƙaya, ruwan sama kaɗan, sai kogin Pecos da ya bi ta gefenta na yamma. Gari ɗaya tal gare ta, Mentone. Babu asibiti, babu banki, babu makaranta. An yi shekaru da dama a baya ruwan sha ma da tanka ake kawo shi.

Jama'arta ta daɗe tana zaizayewa: 285 a 1940, 164 a 1970, 107 a 1990, 82 a 2010, sai 64 a 2020.

Amma ƙarƙashin fakon nan akwai man fetur da iskar gas, don tana tsakiyar yankin Permian, inda Amurka ta fi haƙo mai. Gunduma a Teksas da harajin kadara take rayuwa, kuma man da ke ƙasa da injinan da ke kansa duk kadara ne. Saboda haka kasafin wannan 'yar gunduma ya tashi zuwa gomman miliyoyin daloli a shekara, manyan kujerunta kuma albashinsu ya haura dala 100,000.

Tsarin mulki bai rage mata komai ba don ƙanƙantarta. Dole a zaɓi wanda suke kira alƙalin gunduma, wanda a zahiri ciyaman ne. Dole a zaɓi kwamishinoni huɗu da za su zauna da shi, kamar kansiloli. Sai sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, da akawun kotu, da ma'aji, da lauyan gunduma, da ƙaramin alƙali, da ɗan doka mai kai sammaci. Ka ƙara da mataimakansu da direbobi da masu gyaran hanya, sannan ka raba a kan mutum 64. Da wuya ka samu gidan da ba ya cin abinci daga gwamnatin da shi ne ya kamata ya sa wa ido.

Tun ran gini tun ran zane

Wani abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne tarihin wurin. A ƙidayar 1890 mutum uku aka samu a Loving. Shekara uku bayan haka wasu 'yan kasuwa daga birnin Denver na jihar Colorado suka zo da sunan kamfanin haƙa magudanar ban ruwa, suka miƙa takarda mai sa hannun mutum 150 suna neman a kafa musu gwamnatin gunduma. Aka amince. Suka yi zaɓe, suka raba kujeru a tsakaninsu, suka ci bashi da sunan gina kotu, suka fara karɓar haraji daga masu filayen da ke zaune nesa. Da masu filaye suka aiko a duba musu, ba a tarar da kowa ba sai mutum uku, littattafan haraji kuma an yi Denver da su. A 1897 majalisar jiha ta rushe gwamnatin, ta mayar da wurin ƙarƙashin gundumar Reeves. Sai a 1931, bayan an samu mai, aka sake kafa ta.

Wato gwamnatin Loving ba ta taɓa tashi don yawan mutane ba. Sau biyu aka kafa ta, sau biyun kuma ƙamshin kuɗi ne ya jawo. Kuma rusa ta ba sabon abu ba ne, ta yi shekara 34 a hannun maƙwabciya.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo"

Wannan ita ce hujjar farko da za a kawo mini, kuma ba ta banza ba ce. Makiyayin da ke zaune a can shi ya san wace hanya manyan motocin mai suka farfasa, wane shinge ya faɗi, wane tsoho ne ba a ga motarsa ta fito ba kwana biyu. Ma'aikacin da ke ofis a wani gari ba zai san wannan ba.

Na yarda. Amma sanin inda ɗaki ke yoyo daban, riƙe asusun gyaran rufi daban. Mai unguwa ya fi kowa sanin unguwarsa, duk da haka ba wanda ya taɓa cewa a ba shi kotu da kurkuku da baitulmali. Ana iya barin ofishi a Mentone, da 'yan sanda masu kwana a can, da ma'aikatan hanya, ba tare da an bar cikakkiyar gwamnati ba.

Nisan ma ba wani nisa ba ne. Daga Mentone zuwa garin Pecos, hedikwatar Reeves, bai wuce kilomita 40 ba. Mutanen dama can suke zuwa cefane da ganin likita. Kuma sun riga sun gwada haɗewa a wani fanni: tun 1972 aka rufe makarantarsu aka haɗa ta da ta garin Wink a gundumar Winkler. Yaransu na hawa mota kullum su je su dawo, fiye da shekara 50 ke nan. Idan an iya amince wa maƙwabta da tarbiyyar ɗa, me ya sa ba za a iya amince musu da littafin haraji ba?

"Ai ba su roƙi kowa ba, da kuɗinsu suke yi"

Gaskiya ne Loving ba ta zama nauyi a wuyan kowa ba. Akwai ƙananan gundumomi a Amurka da talauci ya durƙusar har aka haɗe su, kamar Campbell da Milton a jihar Jojiya da suka shiga cikin Fulton a 1932. Loving ba irinsu ba ce.

Sai dai a ganina yawan kuɗin ne ma ya sa abin ya zama dole. Talakar gunduma mai mutum 60, ba wanda zai yi faɗa a kan kujerarta, sai ma an roƙi mutum ya karɓa. Amma idan kujera na kawo albashin da ya fi na yawancin Amurkawa, kuma ƙuri'a biyu ko uku ke raba mai ci da mai faɗuwa, to kowace ƙuri'a ta zama kadara.

Sannan kuɗin nasu ne da gaske? Harajin daga kamfanonin mai yake fitowa. Aikin kuma dubban leburori da direbobi ne ke yin sa, waɗanda ke kwarara cikin gundumar kullum, wasu su kwana a sansanonin ma'aikata na ɗakunan kwantena, su yi sati biyu ko uku su koma gida. Su ke bin hanyoyin nan, su ke mutuwa a haɗarin manyan motoci, su ke buƙatar motar asibiti da tsakar dare. Ba su da ƙuri'a a nan. Mai gumi ba shi da baki, mai baki kuma sau da yawa ba ya kwana a garin.

Gida ɗaya, jam'iyya ɗaya, gaba biyu

Wanda ya kalli 60 da 4 zai ɗauka kan mutanen nan haɗe yake. A zaɓen shugaban ƙasa haka ne. Amma siyasar da ke hana su barci ba ta Rifablikan da Dimokurat ba ce, ta dangi ce.

Skeet Jones ya hau kujerar alƙalin gunduma a 2007. Mahaifinsa ya daɗe yana sherif. 'Yar'uwarsa ta riƙe kujerar akawun kotu. Ɗan ɗan'uwansa ya riƙe ta ɗan doka, kuma yana cikin ɓangaren da ya yi adawa da Skeet ɗin. A watan Mayun 2022 aka kama Jones bisa zargin tattara shanun da suka ɓace ana sayarwa. Zargi ne, ba ni ne kotu ba, kuma ba shanun ne suka dame ni ba.

Abin da ya biyo baya ne ya dame ni. Kwanaki kaɗan bayan kamun, aka kira mutane don a zaɓi masu taya alƙali yanke hukunci. Ƙaramar alƙaliyar gundumar ta yi gargaɗi cewa duk wanda ba mazaunin Loving ba ne ya tashi ya fita. Mutum huɗu da ba su fita ba, ciki har da ɗan shi Skeet Jones ɗin, ta sa aka tafi da su, a kan cewa ba a nan suke zaune ba. Zaɓen Nuwamba na wannan shekarar shi ma a kotu ya ƙare, ana bin ƙuri'u ɗaya bayan ɗaya ana tambaya: wannan a ina yake kwana?

Ka yi tunanin shari'a a irin wannan wuri. Babbar shari'a a Teksas na buƙatar mutum 12 da ba su da alaƙa da mai ƙara ko wanda ake ƙara. Ina za ka samo su? Wannan surukin wane ne, wancan a ofishin wane yake aiki, waccan filin kiwonta haya ne daga hannun wane.

Sirrin ƙuri'a ma fa? Idan akwati ya nuna mutum huɗu sun saɓa, ba a buƙatar boka. Kafin a gama shan kofi an lissafo su. Hausawa sun ce naka sai naka, daɗin zama sai bare. A harkar mulki, bare ba daɗin zama kawai yake kawowa ba, shi ne mai iya cewa a buɗe littafi a duba.

"Asalinsu can ne, don me za a hana su?"

A nan ne maganar ta taɓa ni, don ni ma ina da kashi a gindi. Na fi shekara 20 a birni, amma katin zaɓena na ƙauyenmu ne. Ranar jajibirin zaɓe nake shiga motar haya in tafi, in kwana a ɗakin da aka haife ni, in dangwala wa wanda Kawu ya ce "namu ne", washegari in kamo hanya da ƙullin daddawa da kuka a leda. Kansilan da na taya ci, ban sake ganin sa ba. Burtsatsen da ya yi alkawari, ba ni ke ɗaukar jarka in tarar bai da ruwa ba. Ita kuwa unguwar da nake kwana, wadda kwatarta ke ambaliya har cikin zaurena duk damina, ban taɓa zaɓar mata kowa ba.

Na taɓa faɗa wa Kawu haka. Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, cibiyarka a nan aka binne. Ko ka manta?" Ban manta ba. Kuma na san mutanen Loving da suka koma biranen Teksas irin su Odessa ko Lubbock irin amsar da za su bayar ke nan: kakanninmu ne suka kafa shingen nan, muna da fili, muna da niyyar dawowa.

Dokar Teksas ma ta ba su ƙofa. Ta ce mazaunin mutum shi ne gidan da yake da niyyar komawa bayan tafiya ta ɗan lokaci. To wa ya isa ya auna niyya? Mutum zai ajiye tsohuwar tirela a filin kakansa, ba wuta ba ruwa, ya ce nan ne gida, shekara 15 da ya yi a birni kuwa tafiya ce ta ɗan lokaci. Haka rajistar masu zaɓe ta zarce yawan masu kwana. A zaɓen 2024 ƙuri'un da aka kaɗa sun kusa 100.

Bambancinmu da su a lissafi yake. Ƙuri'ata a ƙauye ɗigo ce cikin dubbai, ba daidai ba ce amma ba ta juya sakamako. A Loving 'yan'uwa goma da suka zo daga birni su ne zaɓen gaba ɗaya. Asali na ba mutum haƙƙin fili da gado da kabari. Ban ga yadda zai ba shi haƙƙin naɗa wa wasu sherif ɗin da shi ba zai taɓa kira da dare ba.

"To a gyara rajistar mana, ba sai an rusa ba"

An gwada. A 2021 majalisar Teksas ta ƙara tsaurara dokar, ta hana mutum ƙirƙirar mazauni don ya yi tasiri a zaɓe. Me ya faru a Loving? Dokar ta zama sabuwar sanda a hannun ɓangarori, kowa na nuna gidan abokin gabarsa yana cewa ba a kwana a ciki. Masu aiwatar da dokar su ne 'yan takarar, ko ƙannensu.

A ce ma an yi nasara, an tace rajistar tsaf, an bar masu kwana kaɗai. Sai a koma masu zaɓe 40 ko 50. Ciwon bai warke ba, ƙaruwa ya yi, don yanzu ƙuri'a ɗaya ta ƙara tsada.

Akwai kuma wani haɗarin da tace rajista ba ya magancewa. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wajen 2005 wasu mutum uku masu aƙidar a rage ikon gwamnati suka ƙulla shirin sayen fili a Loving, su kwaso magoya baya, su cinye kujerun, su daina aiki da dokokin da ba sa so. Sherif na lokacin ne ya gano su, shirin ya watse. A 2025 wani mutum daga jihar Indiana ya zo da irin wannan dabara, yana yi wa mutane alkawarin gida kyauta da kuɗin wata idan suka taso suka zauna a fakon, har sai da babban lauyan jihar, Ken Paxton, ya kai shi kotu. Ana iya zagin waɗannan baƙi, amma lissafinsu daidai ne. Wanda ya iya kawo mutum 60 su kwana da gaske na 'yan watanni, ya sayi gwamnati da kasafinta. Ba wanda zai yi mafarkin yin haka a gunduma mai mutum dubu goma.

"Za a haɗiye su"

Wannan ce hujjar da ta fi nauyi, kuma ba zan yi kamar ba ta da gaskiya ba. Reeves na da mutum kusan 14,700, Winkler kusan 7,800. Duk wadda aka haɗa Loving da ita, mutum 64 ba za su samu kwamishina nasu ba. Doka ma ba za ta bari ba. A 1968 Kotun Ƙolin Amurka ta yi hukunci a kan gundumar Midland, a wannan yankin mai dai, inda kwamishina ɗaya ke wakiltar mutum sama da 67,000, sauran ukun kuma kowanne bai kai 1,000 ba. Kotu ta ce ba za ta saɓu ba, dole mazaɓu su yi kusan daidai. Saboda haka muryar Loving za ta yi ƙasa, harajinta kuma zai gyara titunan wasu.

Amma mutum 64 a ko'ina cikin Amurka haka suke. Layi ɗaya a Houston ya fi su yawa, kuma ba shi da sherif nasa. Abin da za su rasa ba haƙƙi ba ne, gata ne da layin taswirar da aka shata wa gundumar a 1887 da sa'ar mai suka ba su. Abin da za su samu kuwa shi ne kotun da alƙalinta bai san sunan kakarsu ba, da akwatin zaɓen da za su iya saɓa wa kawunsu a ciki ba tare da an daina gaishe su ba. Garuruwan maƙwabta irin su Pecos da Kermit da Wink kuma, inda da yawa daga leburorin rijiyoyin Loving ke haya, inda asibitoci ke karɓar waɗanda suka ji rauni a can, dama suna ɗauke da kayan. Rabon kuɗin ne bai kai gare su ba.

Na san abin ba mai sauƙi ba ne. Tsarin mulkin Teksas ya ce ba a yanke wani yanki na gunduma a liƙa wa wata sai an yi ƙuri'ar jin ra'ayi a duka biyun, kuma kowacce ta amince. A Reeves ko Winkler ba na jin za a sha wahala. A Loving kuwa, waɗanda za a tambaya ko a rufe ofisoshin su ne masu zama a cikinsu, da matansu, da 'ya'yansu da za su taso daga Odessa da sassafe su jefa ƙuri'a su koma kafin la'asar.